Jar Safa a Kan Totur

Tafkin Ƙugiya, Alaska,
Farkon Nuwamba.

Zuwa ga 'yata Runa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Anselm, da uwarki Mina wadda ta gudu gari ta bar ni da kare. Yaya ƙugun nata? Ki ce mata ta bi maganar likita, kada ta yi masa irin gardamar da take yi mini. Ni dai lafiya lau, ban da idanu, su kuwa an riga an yi musu jana'iza tun ina da rai.

Tafki ya daskare. Jiya na fita da gatari na yi ta sara, sai da kafaɗata ta gaji kafin in ga ruwa. Ke nan zai ɗauki ɗan jirgin samanmu Agwagwa har da ke a ciki. Har yanzu idan na buɗe ƙofa da safe sai in dubi gindin itacen nan inda take kwana shekara da shekaru, in ga wayam. Karena Gwamna ma yakan je ya shinshina wurin, ya dawo ya zuba mini ido kamar ni na sayar da ita. Na ce masa ba sayarwa na yi ba, 'yata na ba wa. Likita ne ya ce in karanta haruffan da ke bango, na ce masa ko lokacin da idona yake garau ban taɓa shiri da haruffa ba, aji biyar na yi malamai suka sallame ni suna murna. Bai yi dariya ba. Ya dai karɓe takardar tuƙin jirgi.

Ban manta da yarjejeniyar da muka yi a motarki ranar nan ba. Kin ce zan ci gaba da zama a tafki, ke kuma ki riƙa kawo mini kaya da Agwagwa, amma da sharaɗi: ba zan taɓa ta ba, ko da ƙusa ɗaya. Kin ce jirgin da mutum biyu ke gyarawa, wannan bai san abin da wancan ya kwance ba, shi ke kashe mutane. In kuwa na taɓa, sai in tattara komatsaina in koma ɗakin bayanku, inda Anselm ke ajiye keken motsa jikinsa. Na yarda, kuma ina kan bakana. Sai dai ba ki ce kada in yi magana ba, wannan kuwa kuskurenki ne. To saurara.

Kin iya tuƙi, na sani, takardunki sun fi nawa yawa. Amma duk tashin da kika yi a rani kika yi shi, kuma Agwagwar hunturu wata halitta ce daban. Da farko dai fikafikai. Wannan farin abu mai kama da gishiri da ke kwana a kansu, kada ki raina shi don siriri ne. Ki share shi tas, ki shafa da tafin hannu, in kin ji kaushi ki sake sharewa. Wani ɗan majalisarmu ta matuƙa ya taɓa cewa iska za ta kaɗe masa in ya fara gudu. Ta kaɗe kuwa, bayan ya shiga cikin itatuwa. Yana nan da ransa, amma tun daga ranar ba ya fita sai da tsintsiya.

In kin sauka, kada ki bar takalmanta na sulɓi, waɗanda ke madadin taya, a kan dusar ƙanƙara. Da ɗuminsu suke zuwa, su narkar da ƙasansu, kafin safiya sun manne kamar an yi musu walda. Ki hau da su kan itace biyu, zan shimfiɗa miki. Shimfiɗa itace ba taɓa jirgi ba ne, na tambayi Gwamna ya ce haka ne. Ki cika tankin fetur da zarar kin sauka a gari, don tankin da ba a cika ba gumi yake yi daga ciki, gumin nan ya zama ruwa, ruwan ya zama ƙanƙara, ƙanƙarar ta toshe miki hanyar mai a inda babu wurin tsayawa. Sannan ki sa tufafin da za ki iya takowa gida da su a ƙafa. Jakar guzuri tana iya ƙonewa ko ta nutse, abin da ke jikinki shi ne naki.

Sai maganar baƙin mai. Tun kina rarrafe kin san garwar nan mai murfi da ke bayan murhu, wadda uwarki ke cewa ta fi ta samun wuri mai ɗumi a gidan nan. In sanyi ya kai arba'in ƙasa da sifili, baƙin mai yakan kwana a inji ya tashi kamar man shanu. To mu tsofaffi, da mun sauka, tun yana da zafi muke tsiyaye shi a garwa mu kai bayan murhu, da safe mu mayar da shi da ɗuminsa. Hatsarin abin ɗaya ne: ka manta cikin injin ba komai, ka murɗa farfela. Injin zai tashi, har ya ɗauke ka sama, ya bari sai kana kan itatuwa sannan ya tuna. Shi ya sa nake sa wa totur jar safar nan da uwarki ta saƙa. In ka kai hannu ka ji ulu, ka san mai yana ɗaki. Tana nan a aljihun bayan kujera. Ba shara ba ce, kada ki yar.

Abokina matuƙi Wendel Pitka ne zai kai wannan wasiƙa gidan waya in ya biyo gobe. Har yanzu saukarsa kamar an jefo buhun dankali daga kan rufi, amma shi likita ya bar masa takardarsa, kin ji adalcin duniya.

Ki gaida Anselm, ki ce masa har yanzu ina wanke ledar da ya yi amai a ciki bara, in zai sake zuwa.

Ubanki,
Orvil Tangen


Tafkin Ƙugiya,
Farkon Disamba.

Runa 'yar Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata sanyin gari bai dame ku ba, kuma aikin asibiti yana barin ki kina barci. Na ji daɗi da kika ce uwarki ta fara takawa ba sanda. Ki ɓoye sandar, in ba haka ba ni za ta ajiye wa ita.

Wasiƙarki ta zo, na karanta ta da gilashin nan mai hannu, harafi ɗaya kamar kofaton doki. Na gane saƙonki. Kin sayi ɗan risho marar harshen wuta, da bargon inji, za ki kunna shi ya kwana ƙarƙashin hancin Agwagwa, don haka ba ruwanki da tsiyaye mai, ba ruwanki da garwa. To madalla. Na ba Wendel labari, ya ce majalisa ta rabu biyu a kan wannan risho, har an daina zuba wa juna kofi. Rabi sun ce shi ne ci gaba, rabi sun ce wata rana zai gasa wa wani jirgi kamar kifi. Na tambaye shi ina ya tsaya, ya ce shi yana tare da duk wanda ke biyan kuɗin kofin. Ni dai na ce jirginki ne, hukuncinki ne. Da na faɗi haka sai da na zauna na huta.

Kin kuma ce Anselm ya tsinci jar safar lokacin da yake taya ki share jirgi, ya kai gida ya wanke ta da sabulu mai ƙanshi, ya ninke ya sa a durowa yana jiran ya ga 'yar'uwarta. Allah ya yi masa albarka. Safar nan ba ta ga ruwa ba tun kafin a haife ki. Ki ce masa kada ya wahalar da kansa, 'yar'uwar wani kare ya cinye ta, kakan Gwamna. Tunda ba za ki tsiyaye mai ba, bar ta ta huta, ta yi ritaya kamar mai ita.

Na fara taka miki filin sauka. Kullum in gari ya ɗan waye, in ɗaura takalman faifai masu hana nutsewa a dusar ƙanƙara, ni da Gwamna mu yi ta kai da kawo har dusar ta danne ta yi tauri. Na kakkafa rassan itace gefe da gefe. Ba ado ba ne. Akwai ranar da sama fari, ƙasa fari, ba inuwa, ido ba ya iya gane ina ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, sai mutum ya sauka alhali saura tsayin gida, ko ya daki ƙasa yana tsammanin yana sama. Rassan nan su za su gaya miki gaskiya.

Abu ɗaya nake so ki riƙe fiye da komai: bakin rafi, can hannun hagu in kin fuskanci gida. Kada ki kusance shi, ko a jirgi ko a ƙafa. Ruwan ɓoye ne a wurin. Ƙanƙarar tana da kauri, amma rafin yana turo ruwa ya kwanta a kanta, dusa ta rufe shi, daga sama sumul kamar gadon amarya. Wanda ya taka zai nutse har gwiwa, kuma a irin sanyin nan jiƙaƙƙiyar ƙafa ba ta daɗe tana zama ta mai ita. Ko a filin da na taka, ki fara shafa takalmanta ki sake tashi, ki zagayo ki dubi sawunki. In ya yi duhu, ruwa ne, ki juya gida. Waken gwangwani da nake da shi zai kai ni Ista.

Kin ce za ki zo mako guda kafin Kirsimeti. Kada ki sa rana. A cikin abokaina da muka binne, waɗanda inji ya ci amanarsu kaɗan ne, yawancinsu alkawari ne ya kashe su: sun ce wa wani za su zo ranar kaza, gari ya ɓaci, suka ji kunyar fasawa. Ni ba a jin kunyata, kowa ya sani. In kin leƙa kin ga duwatsu ba su fito ba, koma ki kwanta.

Amma in sun fito, ki zo. Gidan nan ya yi shiru da yawa. Na kai ga ina yi wa Gwamna gardama a kan siyasa, kuma shi yake cin nasara.

Ki taho da kofi, da batir na rediyo, da burodin nan na uwarki mai kirfa in ƙugu ya bar ta ta tsaya.

Naki har kullum,
Baba


Asibiti, Fairbanks,
Bayan Kirsimeti.

Zuwa ga tsohon banza, abokina Wendel,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da wannan tarkacen da kake kira jirgi. Na gode da ka je ka ɗauko Gwamna ranar da Runa ta kira ka a oba-oba. Kada ka ba shi kifi da yawa, zai saba, ni kuma ba ni da hali. Ka yi haƙuri da rubutun, yatsun hannu sun tsira amma har yanzu kamar na aro suke. Na ƙafa kuwa biyu sun riga ni tafiya, na hagu, ƙananan. Ban taɓa sanin amfaninsu ba dama.

Na san labari ya riga ya kai majalisa, kuma na san kafin ya zagaya teburi an ƙara masa kyarkeci. To ga yadda aka yi, ka karanta musu, in akwai mai iya karatu.

Ta zo ranar da gari ya yi garau. Wendel, da ka ga saukar. Ta shafa, ta tashi, ta zagayo ta duba sawunta, sannan ta ajiye Agwagwa kamar mai ajiye ƙwai. Ni ban gani sosai ba, amma kunne ya gaya mini. Ta hau kan itacen da na shimfiɗa, ta kashe inji, ta rungume ni, ta kwashi kwalaye ta yi ɗaki tana cewa in ɗauko sauran.

Sai ga ni ni kaɗai da Agwagwa, injinta yana ƙas-ƙas yana hucewa, ƙanshin man nan mai zafi yana dukan hancina. Ka san garwar tana rataye a gindin itace inda na saba barinta in ba komai a ciki. Ba zan ce maka na yi shawara ba. Na dai farga ina durƙushe, garwa a ƙasa, mai yana zuba. Hannun da ya yi abu shekara talatin da wani abu ba ya neman izinin kai. Da na gane, na ce to an riga an yi, mayar da shi yanzu ma taɓawa ce ta biyu. Na buɗe ƙofa na laluba aljihun bayan kujera in sa wa totur safa. Ba safa. Tana durowar surukina tana ƙanshin furanni. Na ce ba komai, in mun zauna cin abinci zan gaya mata da baki, in sha faɗana, in roƙi sassauci. Na shiga ta ƙofar baya na tura garwar bayan murhu, cikin tukwanen abincin kare. Ita kuma ta fita ta kunna rishonta, ta lulluɓe inji da bargo, ta dawo.

Muka zauna. Na yanka burodin Mina, na buɗe baki ke nan zan fara, sai ta ce, "Baba, zuba kofinka kai kaɗai, ni an hana ni."

Na ce, "Wane marar tsoron Allah ne ya hana ki kofi?"

Ta ce, "Jikanka. Yana tafe a watan Yuni."

Wendel, ka san ni da surutu. Ranar kuwa ƙafa ta riga baki. Na tashi na zauna, na gaya wa Gwamna, na tambaye ta ko Anselm ya suma da ya ji, ta ce sau ɗaya kawai. Muka yi ta zaɓen suna, duk wanda na kawo ta ce sunan kare ne. Maganar mai ta fita daga kaina fit, kamar ba a taɓa yin ta ba.

Da gari ya waye iska ta ɗan tara dusa a ƙarshen fili, can nesa. Na ce mata ta shirya a hankali, zan je in danne. Ina can ina takawa, ina rera wa jikana waƙa, sai hancina ya jiyo hayaƙin murhu, daga murhu sai garwa ta faɗo mini a rai. Na juya. Abin da idona ya iya ba ni shi ne ɗigon jar rigarta, kuma ɗigon yana gaban hancin jirgi, daidai inda mutum ke tsayawa in zai murɗa farfela. Na yi ihu, iska ta mayar mini da shi baki. Mutum biyu ne a cikin rigar nan, Wendel. In na bi filin da na taka, zagaye ne. Hanyar da ta miƙe ta bakin rafi ta bi.

Kada ka ce komai. Ni na rubuta mata da hannuna cewa ko a ƙafa kada ta kusanci wurin.

Na yi nisa kaɗan sai ƙasa ta buɗe. Har gwiwa. Takalman faifai suka cika da ruwa da ƙanƙara suka zama kamar an ɗaura mini buhun siminti a kowace ƙafa. Na faɗi, hannuwa ma suka shiga. Ina ta fafutuka ina kiran "Mai! Mai!" kamar ɗan talla. Gwamna ne ya yi hankali ya ruga wurinta.

Ka san abin da take yi a gaban jirgin? Ashe ta riga ta zare sandar gejin mai tun da fari, kamar yadda take yi kullum, ta gan ta a bushe. Tsayuwar da na gani, duba ƙasa take yi ko man ya zube ne. Da ba ta ga ɗigo ko ɗaya a kan dusa ba, sai ta ce a ranta, wannan ba yoyo ba ne, wannan ubana ne. Ta nufi ɗaki ɗauko garwa ke nan kare ya tare ta.

Ta turo mini dogon itace, ta jawo ni kan katakon da nake jan ruwa da shi a kan ƙanƙara, ta kai ni ɗaki ta yanke takalman da wuƙa. Ta dubi ƙafar, irin kallonsu na ma'aikatan asibiti. Ta naɗe ni, ta ɗauki garwa ta fita ta mayar wa inji mansa. Murɗa biyu Agwagwa ta tashi. Ta cusa ni kujerar baya, hannuwana a naɗe cikin tawul kamar 'yan tagwaye.

Ban taɓa zama a kujerar baya ba. Sandar tuƙi tana motsi tsakanin gwiwoyina, ba ni da hannun kama ta. Da muka bar ƙasa na ce, "Ki ɗan ƙara..." Ta ce, "Baba." Shi ke nan abin da ta faɗa har Fairbanks. Na leƙa taga. Ashe tafkin nan kyakkyawa ne. Shekarun nan duk ban taɓa kallonsa ba, lissafinsa kawai nake yi.

To ka ji. Yarjejeniya dai na karya ta, kuma ba ƙusa na taɓa ba, jinin injin na kwashe gaba ɗaya. Runa tana zuwa kullum, ta duba ƙafa, ta gyara matashi, ta yi magana da likita a kaina kamar ba na wurin. Maganar tafki ba ta tayar ba, ni ma ba ni da fuskar tayarwa. Mina ta ce in gode wa Allah da ƙafa na jiƙa, don da kai ne ba abin da zai lalace. Anselm ya kawo mini lemo, ya ce ya fitar da keken daga ɗakin baya, har ya sa labule. Yaron kirki ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ina roƙonka, in ka sami sarari ka biya ka rufe mini gidan. Ka zubar da ruwan randa, ka sa katako a tagogi saboda beyar, ƙaton naman dajin nan mai fasa gida. Garwar kuma ka ɗauka, na ba ka. Ka gaya wa majalisa su ci gaba da faɗa a kan risho, amma kowa ya zare geji kafin ya taɓa farfela, ko da shi kaɗai ne a duniya, balle in yana da uba.

Abokinka mai yatsu takwas,
Orvil


Tafkin Ƙugiya,
Tsakiyar Maris.

Zuwa ga matuƙiyar Agwagwa,

Bayan gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya, ke da fasinjan da ke cikinki. Na san lafiyarki ƙalau, don ina jiyo minsharinki daga nan teburi. Kin ce za ki ɗan kishingiɗa ne kawai bayan abincin rana. Gadon uwarki kika yi, ita ma ba ta taɓa yarda tana yi ba.

Za ki ce me ya kawo wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakaninmu. To ni an gwada ni da faɗa da baki, an ga yadda ta ƙare.

Akwai abin da ban gaya miki ba ranar da aka sallame ni daga asibiti. Na riga na shirya zama a ɗakin baya, har na fara yaba labulen Anselm. Sai kika shigo kika jefa mini jar safar a cinya, tana ƙanshin sabulu, kika ce, "Na hana ka taɓawa, ka taɓa a ɓoye. Gara ka taɓa ina gani. Mai naka ne, sauran jirgin nawa. Ni zan miƙa maka safa da hannuna in mun sauka, kai kuma ka miƙo mini ita tare da garwa. Kuma nan da wata biyu cikin nan ba zai bar ni in durƙusa ƙarƙashin inji ba, ina bukatar wani tsoho marar aikin yi." Ni kuma na ce safar ta lalace, an kashe mata ƙanshi. Abin da ya fito ke nan. Ba shi na yi niyyar faɗa ba. Kin san abin da na yi niyya, don kin juya kina gyara jakar da ba ta bukatar gyara.

Wendel bai rufe gidan ba. Ya ce ya san 'yar da na haifa ta fi ni hankali, don haka ya bar komai yadda yake, ya dawo mini da garwa da kare. Karen ya yi ƙiba, yana kallon waken gwangwani kamar an zage shi.

Yau da kika sauka kin ɗan daki ƙasa da takalmin dama. Kaɗan ne. Ban ce komai ba, ina so a rubuta cewa ban ce komai ba. Wannan ne zuwanki na ƙarshe kafin haihuwa, na sani, Wendel zai karɓi jigila har ƙanƙara ta narke, Allah ya ji ƙan ƙwan da zai riƙa kawo mini. Ki kai Agwagwa ta huta, ki cire batir ɗin rediyo, ki toshe mata hanci kada tsuntsaye su yi gida. Uwarki ta ce da an ga jariri za ta dawo tafki, wai ta gaji da zama inda ba wanda za ta yi wa faɗa. Na ga ƙananan safa da take saƙawa. Ja ne. Ki ce mata ta yi uku, don in na zo suna ɗaya za ta ɓace.

Zan ajiye wannan takarda a kan kujerarki, ƙarƙashin totur, inda ba yadda za a yi ki zauna ba ki gan ta ba. Safa tana wurinta. Na san kin ga lokacin da na sa ta, na san ke kika miƙo mini, na kuma san za ki zare geji ko da mala'ika ne ya ce miki akwai mai. Duk da haka.

Baƙin man yana bayan murhu.

Ubanki mai ƙaunarki,
Orvil Tangen, mai kula da garwa